Gem Ɗin Bana

Karo na uku ke nan Ya'u ya ɗauro kwamfutar a bayan kekensa, daga Panshekara har titin Beirut, ya dire ta a teburin Isyaku mai gyara. Isyaku ya juya bayan kwalin faifan gem ɗin, ya karanta masa abin da gem ɗin ƙwallo na bana yake nema, sannan ya yi masa bayani irin na masu shago: ram ɗin da aka ƙara wancan watan ya yi, amma katin hoto ya tsufa. Masu yin gem ba sa jiran talaka. Duk shekara sai sun ƙara wa jaki kaya, jakin kuwa yana nan yadda yake.

Ya'u bai san ram ba, bai san kati ba. Aikinsa a wani kamfanin robobi ne a Sharada, inda yake yini yana fiƙe bakin bokiti. Abin da ya sani shi ne ƙaninsa Auwalu ya daina dariya, kuma shi kaɗai ya rage masa tun rasuwar iyayensu.

Da can Auwalu ne fitilar gidan. Shi ya sayo kwamfutar ta hannu da albashinsa na kamfanin fata a Challawa, kuma kaf samarin layinsu babu wanda bai lallasa a gem ɗin ƙwallo ba. Sai wata Talata ya dawo tun kafin azahar, ya ce ciwon idon nan afolo ta kama shi, ya saka baƙin tabarau. Afolo ta yi zamaninta ta wuce a unguwa, tabarau bai sauka ba. Aikin ma ya ce ya bar shi, ya gaji da warin jima. Ya'u ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haƙura. Ya ɗauka zuciya ce irin ta samari.

Daga nan Auwalu ya koma ɗaka. Abokai su yi sallama, ya ce a ce yana barci. Sabon faifan da suka kawo masa ne kawai ya ɗan motsa shi, shi ma ya zauna dab da allo, ya buga kaɗan, ya ajiye hannun gem ɗin. Hoton ya yi dishi-dishi, in ji shi, 'yan wasan duk sun cakuɗe, injin ba zai iya ɗauka ba. Ya'u ya leƙa, ya ga dai mutane suna gudu a kan kore, suna ɗan tsaitsayawa. To, wanda bai iya rawa ba ina shi ina gyara wa makaɗi kiɗa? Ya yarda.

Aka ƙara ram, Auwalu ya ce da sauran gyara. Aka canja monita, wato allon kwamfutar, ya ce gara ma ta da. Ya'u ya shiga karɓar aikin wasu a kan nasa, ya fita da asuba ya dawo a gajiye, su ci tuwo a kwano ɗaya ba mai cewa uffan. Abin yana cin ransa ƙwarai. Shi dai burinsa ya sake jin ihun nan da Auwalu yake yi idan ya zura ƙwallo.

Ranar da ya karɓo sabon katin, a ƙafa ya shigo layi da kwamfutar a ka. Auwalu yana kwance a ɗaki ya tambaye shi ina keken, don bai ji ƙarar sarƙarsa a soro ba. Ya'u ya ce yana wajen gyara. Auwalu ya tashi zaune.

"Yaya, ka sayar da shi ke nan."

"Keke ai ƙarfe ne. Taso ka gani."

An yi sa'a akwai wuta. Ya'u ya haɗa wayoyi, ya kunna, ya bi matakan da Isyaku ya koya masa har aka jera 'yan wasa a fili. Wannan karon ko shi da bai san gem ba sai da ya riƙe baki: ciyawa tsaf, fuskoki tar, babu tsaitsayawa. Ya zaunar da ƙaninsa a kujera, ya danƙa masa hannun gem.

Sai ya tuna gargaɗin Isyaku, cewa katin nan ba ya shiri da zafi, a riƙa sa masa fanka. Ya zagaya bayan tebur ya tsuguna. Soket ɗin ya cika, ya zare filogi ɗaya da ya zaci na rediyo ne, ya jona fankar. Daga inda yake, fuskar Auwalu kawai yake iya gani.

Sifika ta ɗauki ihun 'yan kallo, mai sharhi ya fara zuba. Yatsun Auwalu suka shiga rawa kamar da. A hankali murmushi ya bayyana, wanda Ya'u ya yi watanni yana nema.

"Ya yi, Yaya. Wallahi ya yi. Har lambar rigarsu ina gani. Kada ka ƙara sayen komai, ka ji? Wannan ya isa."

Ƙwalla ta cika idon Ya'u don daɗi. Ya yi hamdala, ya miƙe, ya zagayo ya dafa kafaɗar ƙaninsa don su kalla tare.

Auwalu yana ta yaba kyan hoton, allon kuwa baƙi ƙirin yake tun lokacin da Ya'u ya zare filogin monita.