Binciken Yaya Nasidi

Zaharaddeen ya sha faɗa a Ƙaura cewa babu zuciyar da katun ɗin Japan na 'yan kareti da aljanu ba zai buɗe ba. Da ya tura wa Mardiyya, sai wanta Malam Nasidi ya karɓe wayar, wai zai binciki tarbiyyar mai neman ƙanwarsa.

Yau a zaure Nasidi ya daɗe yana kallon Zaharaddeen. Mardiyya na bakin ƙofa tana murza gefen hijabi.

"Yaron nan mai takobi," in ji Nasidi, "ya rama wa malaminsa?"

"Sai a kashi na biyu, Yaya."

"To, turo magabatanka ran Juma'a. Su taho da kashi na biyun."

Zaharaddeen ya fita da takun jarumi. Mardiyya dai ko buɗe katun ɗin ba ta taɓa yi ba.