Bijimin da Ya Karye a Mota

Ɗana ya faɗi a tsakiyar fili, kuma bai tashi ba.

A wayar ƙanena nake kallo, da hantsi, a shagonsa da ke unguwar Roumdé Adjia. Wasan jiya ne, ƙwallon Amurkawan nan da ake rungumewa ana gudu, ƙarti suna kai wa mutum karo. Shekara huɗu yana buga ta, ban taɓa yarda na kalla ba.

'Yan wasan suka cire hulunan kwano, suka durƙusa.

"Me ya sa suka durƙusa?"

"Al'adarsu ce, Yaya, in wani ya ji ciwo."

"Ya motsa ƙafa?"

Na kira lambar ɗana sau tara, ba a ɗauka ba.

Sai hoton ya koma kan wasu mutum biyu masu kwat, suna Faransanci, suna nuna wuyansa da alƙalami. Ƙanena ya fassara a hankali: jiya shi ne na uku a jerin masu gudu, yau kuwa babu ƙungiyar da za ta sabunta masa kwantiragi a tsohon farashi.

Na san muryar nan. Shekara talatin ina dillancin shanu a Meiganga, da ita nake taya bijimin da ya karye a mota, mai shi yana tsaye. Ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskar mai shi ba.

Cajin wayar ya ƙare. A baƙin gilashin na ga fuskar mai bijimin, tawa, tana kallona.