Binciken da Ba a Buga Ba

Ibtisam ta ajiye wayarta kusa da kofunan gahawar jabana, ta turo wa ƙanenta Tahir. A cikin rumfa mahaifinsu Malam Hamid yana kwance a kan angarib, gadonsa na igiya, hannu dafe da ƙirji.

Likitan birni ya ce jijiyar zuciyarsa ce ta cushe, sai an zura ɗan bututun ƙarfe an buɗe ta. Shi zai iya yi cikin makon nan, da hoton da ake ɗauka daga wajen jiki kamar yadda aka saba. Amma na'urar da ke shiga har cikin jijiya tana haska wa likita hanya, sai Masar. Ibtisam nas ce, kuma ta riga ta yanke: Masar za a tafi, ko da shingayen masu bindiga sun cika hanya.

"Karanta," ta ce. "Bincike iri-iri aka tattara wuri guda. Bakinsu ɗaya, na'urar ta fi."

Tahir bai taɓa wayar ba. Watan jiya ya dawo ƙauyensu na kusa da Makwar, bayan shekaru a Masar ɗin, kuma tuni aka yi masa shaidar lalaci. Ba ya ɗaga buhun dawa a hawasha, gonarsu ta noman rani. Kafin ya kai bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, sai ya zauna hutu. Abin da aka ga ya zo da shi kawai agogo ne mai faɗin madauri, a hannun dama.

"Yaya, abin da aka buga a mujallu suka tattara. Wanda ya gwada ya ga na'urar ta yi abin kirki, da gudu yake bugawa. Wanda bai ga bambanci ba, aikinsa a durowa yake kwana. Ban ce ba ta da amfani ba. Amma bai kai a jijjiga Baba a wannan hanya ba."

"Ka dai ji tsoron hanya."

Malam Hamid ya yi tari, goshinsa ya jiƙe da gumi. A waje direban da Ibtisam ta kira ya danna hon.

"Akwai wani asibiti can Masar," in ji Tahir, "da suka raba marasa lafiya gida biyu, wasu da na'ura, wasu babu. Ƙarshe duk ɗaya. Likitan ya yi ta aikawa, ba mujallar da ta karɓa."

Ibtisam ta miƙe ta ɗauki jakar mahaifinsu. "To, malam masani, abin da ba a buga ba, a ina ka karanta shi?"

Tahir ya matsa bakin angarib, ya kwance agogon, ya miƙa wa mahaifinsa hannu. A wuyan hannun akwai ɗan tabo kamar ƙwayar riɗi, inda aka zura masa nasa bututun a wancan asibitin bara, cikin waɗanda aka yi wa babu na'ura.