Mahaƙin Rijiya da Haƙorin Teku

Saurara, ya ɗan'uwa, Allah Ya buɗe mana ƙofofin fahimta, in buga maka wani misali.

An yi wani mahaƙin rijiya a wani ƙauye na arewacin ƙasar Sakkwato. Ya gaji dagi da igiya daga mahaifinsa, ya kuma gaji wata ƙa'ida tare da su: idan mai haƙa ya ci karo da haƙori a cikin dutse, to gidan mutanen ɓoye ya taɓa, sai ya fito, ya mayar da ƙasa, kada ya waiwaya. Rijiya uku ya binne a rayuwarsa saboda haka. Ta huɗu ita ce ta ƙauyensu, wadda aka sa shi haƙawa bayan tsohuwar ta ƙafe. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara da yumɓu, a gaba ta goma sha ɗaya sai dagi ya ɓantaro wani baƙin haƙori mai tsawon yatsa, wanda ya daskare ya zama dutse. Ya fito nan take, aka rufe bakin ramin da itace da ƙaya. Mata suka ci gaba da tafiyar rabin yini da tulu a ka, har dattawa suka yanke cewa in bazara ta tsananta babu ruwa, sai a tashi, a bar masallaci da kaburburan iyaye. Sai dai mutumin nan yana da wata ɗabi'a: abin da ya tsorata shi, shi ne kuma ke hana shi sakat da tambaya. Bai jefar da haƙorin ba. Ya ƙulle shi a tsumma ya sa a aljihu. Duk sa'ad da ya idar da salla sai ya kwance shi yana jujjuyawa, yana cewa a ransa: wane irin baki ne ya ɗauki wannan, me kuma yake taunawa a can ƙasa inda ko saiwa ba ta kaiwa?

Da lokacin tashi ya matso, sai ya tafi birni wurin 'yarsa, malamar makaranta, don ya nemi inda iyalinsa za su sauka. Ya iske ta da hantsi a kan tabarma tana gwada wani wasan kwamfuta da za ta koyar da ɗalibai da shi. A cikin wasan, mutum yakan haƙa ƙasa da yatsa a kan gilashi, hawa-hawa, ya tsinci ƙasusuwa, ya jera kowanne a gurbinsa. In ya dace, sai ruwa ya malalo, ƙashi ya yi tsoka, dabbar ta motsa ta kama iyo. Ta ce, "Baba, zo ka gwada, ai sana'arka ce." Ya ce, "Na tsufa a ramin gaske, yau kuma na gilashi za ki zura ni?" Amma ya zauna. Yatsansa mai kanta ya yi ta zamewa, har ya saba. Ya tono katantanwa mai faɗin faifai, ya tono kunkuru ya fi turmi girma, yana ta tasbihi. Can, a ƙarƙashin wani farin dutse, sai ga haƙori baƙi, mai lanƙwasa. Ya kwance tsummansa, ya ɗora nasa a kan gilashin, sai ka ce tagwaye. Ya ƙarasa jera ƙasusuwan, sai wata halitta ta taso, kai irin na kada, wutsiya irin ta kifi, a maimakon ƙafafu kuma filafilai huɗu, tana bin kifaye tana haɗiyewa. Ya ce, "'Yar nan, wannan na cikin mutanen ɓoye ne?" Ta ce, "Dabba ce, Baba. Masana sun ce teku ta taɓa kwanciya a kan ƙasarmu tun kafin a san ɗan Adam a cikinta. Da ta janye, sai ta bar gawarwakin dabbobinta." Ya ce, "Wato tana ci, tana mutuwa, kamar akuya? Ashe shekara talatin mushe nake wa gudu!"

Bai yi gaggawa ba. Da ya koma gida ya kai haƙorin ga liman, ya zayyana masa abin da ya gani. Liman ya jujjuya shi, ya ce ayoyin Ubangiji ba a takarda kaɗai aka ajiye su ba, akwai waɗanda aka binne don mai haƙa ya karanta. Washegari mahaƙin ya janye ƙaya, ya yi bisimilla, ya sauka. Ya sake samun haƙora biyu, ya aza su a guga aka ja sama, jama'a na ja da baya. Ya ci gaba da sara. A gaba ta goma sha uku ƙasa ta yi danshi, kafin la'asar ruwa ya kama masa idon sawu. Ya ɗebo da tafinsa ya ɗanɗana, sai ya tuna da rijiyoyi ukun nan da ya binne da hannunsa, hawaye suka zubo masa.

Ka lura, wasan bai nuna masa inda ruwa yake ba. Sunan abin da yake tsoro kawai ya gaya masa. Gaba biyu rak ne tsakanin mutanen nan da ruwan da rashinsa ya kusa raba su da garinsu. Gaskiyar magabata da suka ce: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.