Man Kaɗanyar Umma

A hunturun da Umma ta rasu, wata Asabar da la'asar Baba ya rufe shagonsa na jakunkuna ya kai ni Tianhe, wata unguwa a birnin da muke zaune a ƙasar waje, inda 'yan ajinmu suke wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ni ban ce ya kai ni ba. Ina jin rasa yadda zai yi da ni a gida ya yi.

Yana ɗaura mini igiyar takalmi ya ga bayan hannuna duk ya tsattsage don sanyi. Sai ya ciro gwangwanin man kaɗanyar Umma daga aljihu, wanda ake aiko mata daga Kano. Da ya buɗe, sawun yatsunta yana nan kwance a tsakiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya lakato daga gefe.

Ya shiga murza mini da ƙarfi, man yana dunƙulewa.

"Haka take yi miki?"

"A'a, Baba. Sai ta narkar da shi a tafin hannunta tukuna."

Ya ce to, ya haɗa tafukansa yana hura musu iska, ya sake daga farko. Ƙanshin man ya tashi, ga kiɗa, ga yara suna dariya. Ban ji komai ba sai ɗumi a hannu.

Yanzu shi ma ya rasu. 'Yata takan tambaye ni ko na iya zamiya a ranar. Wallahi ban tuna ko na ma hau ƙanƙarar ba.