Abin da Gimba Ya Tono

Tun da Gimba ya sayi na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, filayen wasan yara na unguwar Gorton suka shiga uku. Da safiyar Asabar zai saɓa ta a kafaɗa, ya ɗauki ɗan shebur, ya nufi ƙarƙashin lilo, don ya ji an ce nan zobba da sarƙoƙi suke zubewa idan iyaye na tura yara. Akanta ne fa a Manchester, da albashinsa mai kyau. Kwaɗayin tsintuwa ne kawai ya hana shi zama.

Yawancin abin da na'urar ke yi wa kuka tarkace ne: murfin kwalba, ƙusa mai tsatsa, ruɓaɓɓen gwangwani mai ɗoyi. Gimba zai tono, ya yamutsa fuska, ya ja tsaki, ya yi wurgi da shi gefe, ya bar ramin a buɗe. Abin haushin, shi ne kuma zai dawo gida yana zagin ƙazantar mutanen gari.

Matarsa Sa'adiya ta sha yi masa magana. "Baban Hana, ka nemi izinin council, hukumar gari, kuwa? Ko a video ɗin da kake kallo ai masu tonon da jaka suke yawo, su kwashe sharar da suka tono, su rufe ramin."

"Ni na zubar?" in ji shi. "Aikin council ne. Tax nake biya."

Wani ƙarshen mako suka je Birmingham wajen ƙanwarsa Ruƙayya a unguwar Sparkhill, tare da 'yarsu Hana mai shekara tara. Yarinya ce da ba ta iya tafiya ba sai gudu, kuma an zaɓe ta ta wakilci makarantarsu a gasar tsere. Duk hanya zancenta ke nan.

Baƙunta ba ta hana Gimba halinsa ba. Da safe ya sulale zuwa filin wasan bayan layin. A gaban lilo na'urar ta yi wani kuka mai ƙarfi, har gabansa ya faɗi, ya ce yau zinariya ce. Ya haƙa kusan kamu guda. Sai ga tsohon murfin gwangwani ja, bakinsa zaƙo-zaƙo, shebur ya ja masa farin zane a tsakiya. Abin nan ya yi shekara da shekaru a binne bai taɓa kowa ba. Gimba ya jefar da shi kan ɓawon itacen da aka shimfiɗa don yara, ya goge hannunsa a ciyawa, ya koma gidan Ruƙayya cin ƙosai.

Bayan la'asar Ruƙayya ta kai yara wasa. Hana ta cire takalmi, ta hau lilo, ta yi sama, ta diro da ƙarfinta.

Kafin Gimba da Sa'adiya su isa asibiti an riga an naɗe ƙafar. Likita ta ce yankan ya shiga tafin ƙafa sosai, ya tsinke jijiya, sai an yi tiyata. Tafiya za ta dawo a hankali. Batun gudu kuwa ba ta yi alkawari ba.

Ruƙayya ta warware wata takarda. "Yaya, dubi abin da ta taka. Ga sabon rami a gefensa. Wani marar tsoron Allah ne ya tono ya bar wa yara. Ban yafe masa ba, wallahi."

Jan murfi ne, da farin zane a tsakiya, jini ya bushe a bakinsa. Nan take Gimba ya gane shi. Sa'adiya ta dubi murfin, ta dubi ƙasar da ke maƙale a takalminsa, ta tashi daga kusa da shi ta koma can ƙarshen benci.

Da za a gungura Hana ɗakin tiyata, ta riƙo hannun rigarsa, ta ce da Hausarta mai gauraye da Turanci, "Daddy, ka kawo machine ɗinka please. Ka nemo duk sharp things ɗin, kada wani ya taka."

Gimba ya bi gadonta da kallo har aka shige da ita.

Jama'a, duk mai wannan sha'awa ya nemi izini kafin ya haƙa, ya rufe raminsa, ya tafi da duk abin da ya tono, mai daraja da marar daraja. Sharar da ka fito da ita ta zama taka, kuma ba kai ke zaɓen ƙafar da za ta taka ta ba.