Wa Ya Hana Malam Datti Tsire?

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris na 2023, aka fara zaluntar Malam Datti.

A ranar ne ma'aikatan lafiya suka zo tsohuwar makarantarsa da ke Titin Bauchi don auna hawan jinin malamai da sukari da ƙiba. Shi ya riga ya yi ritaya, amma aka gayyace shi babban baƙo, aka zaunar da shi gaban iyayen yara, makirufo a kan teburinsa. Shi ya fara miƙa hannu don ya zama abin koyi. Wadda ta auna shi tsohuwar ɗalibarsa ce, Ugomma, wadda ya sha fama da ita a aji saboda magana ƙasa-ƙasa.

Da yamma ya je wurin Mahdi mai tsire a Gangare.

"Tsinke uku, masu kitse."

"Malam, yau sai dai kabeji da albasa."

"Wannan naman da ke gabanka fa?"

"Na masu lafiyayyen jini ne."

Mai shayi ya haɗa masa ba sukari. Madam Bernadette mai shago ta tare lemon kwalba da bayanta, ta ce, "Oga ticha, ya ƙare." Wani mai keke-napep ya ɗauko shi daga Tina Junction ya sauke shi nesa da gida, wai tafiyar ƙasa magani ce. A gida kuwa, matarsa Mariya ta ɗauke gishiri ba tare da ta tambaye shi sakamako ba.

Mutumin da ya ƙare aikinsa bai taɓa karanta makin ɗalibi a gaban aji ba, yau makinsa ne a bakin kowa. Sirrin mara lafiya amana ne. Cewa wandonsa ya fara yi masa yawa, likita kuma ya ce jinin ya sauka, wannan wata magana ce daban. Har yau ba mai sayar masa da tsire, kuma ba wanda ya ga abin da na'urar ta nuna sai Ugomma.

Saboda haka Malam Datti na neman ta dawo filin makarantar ta ba shi haƙuri a bainar jama'a. Kuma ta ɗaga murya na baya su ji, kamar yadda ta yi a ranar, lokacin da ta raɗa masa sakamakon a kunne, shi kuma ya tura mata makirufo ya ce, "Ugomma, har yau ba ki daina magana a ciki ba? Maimaita, kowa ya ji."